Shin Akwai Alheri a Girgizar Ƙasa?

 

Wasu 'yan uwa daga Ɗorayi, mafi yawansu ma'aikatan kamfanonin Sharaɗa da Challawa, sun yi musu bayan karatun tafsirin Suratuz Zalzala: shin girgizar ƙasa azaba ce tsagwaronta, ko kuwa akwai wata fa'ida a cikinta? Mu dai ra'ayinmu shi ne Allah Maɗaukakin Sarki ba Ya hukunta abu babu hikima, amma haramun ne mutum ya nuna gawar da aka zaƙulo daga ƙarƙashin gini ya ce zunubinta ne ya kashe ta. Wa ya ba shi sanin gaibu? Hasali ma wanda gini ya rufta wa yana cikin waɗanda ingantaccen hadisi ya ƙidaya a shahidai.

Magabata sun ɗauke ta a matsayin faɗakarwa. An ruwaito cewa da ƙasa ta girgiza a Madina zamanin Sayyidina Umar, sai ya tashi ya gargaɗi jama'a a kan abin da suka ƙirƙiro, kuma Umar ɗan Abdul'aziz ya rubuta wa garuruwa cewa a yi sadaka. Masana kimiyya su ma sun amfana, domin da igiyar girgiza suka gano yadda cikin ƙasa yake, har wata masaniya 'yar Denmak, Inge Lehmann, ta gano a 1936 cewa akwai wata ƙwaya daban a can tsakiyar duniya.

To amma fa'idar da ta shafe mu ita ce tonon asiri. A watan Fabrairu 2023 girgiza ta hallaka mutum sama da 50,000 a Turkiyya da Siriya, kuma aka ga bene ya durƙushe alhali na kusa da shi yana tsaye. Hukumomin Turkiyya suka kama 'yan kwangila da yawa. Girgiza ba ta karɓar cin hanci. Ta bi gini ɗaya bayan ɗaya ta bayyana wanda ya saci rodi.

Kano tana nesa da gaɓar manyan faifan ƙasa, ko da yake an ji motsi a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016, da Mpape ta Abuja a 2018. Sai dai mu abin kunya, namu benayen ba sa jiran girgiza. Wanda ya rufta a titin Beirut a watan Agusta 2022 babu abin da ya motsa shi. A nan Ɗorayi kuwa kowa ya san mai buga bulo da yake ninka yashi ya rage siminti, da mai gidan haya da yake ɗora bene a kan harsashin da aka haƙa domin ɗaki biyu, sa'an nan ya zuba iyalan leburori a ciki. Wannan algus ne, ko da mai yinsa yana sahun farko.

Saboda haka muna kira ga kwamitocin masallatanmu da makarantun Islamiyya su fara da kansu: kada a ƙara ɗora hawa a kan wani gini namu sai injiniya ya duba harsashinsa, kuma hukumar tsara birane ta sa hannu a takarda.