Ƴaƴan Kifi Ba Buhun Gero Ba Ne

Jama'a, kiwon tarwaɗa sana'a ce mai riba, to amma sau da yawa jarin yakan mutu tun ranar farko. Daga Maraɗi zuwa Tasawa tafiya ce ta fiye da kilomita 100. Kafin ƴaƴan kifi su isa El Allassane Maireyrey a gundumar Mayahi, sun sha zafi da girgizar mota. Idan aka juye su kai tsaye cikin ruwan rijiya, washegari sai a tarar sun taso ciki sama, a ce ƙaddara ce.

Mu dai muna ganin gaggawa ce. Jikin kifi yana bin zafi ko sanyin ruwan da yake ciki, sauyi farat ɗaya yana kashe shi. A ɗauko su da sanyin safiya. A ɗora ledar a kan ruwan kamar minti 20, ana zuba mata ruwan wurin kaɗan-kaɗan, sannan a karkata ta su fita da kansu. Ranar kada a ba su abinci. Washegari a fara da irin wanda suka saba ci, ɗan kaɗan, domin ragowa tana ruɓar da ruwa.

Saboda haka muna kira ga masu sayarwa da su riƙa faɗa wa mai saye abincin da kifin ya saba da shi. Iyayenmu mata kuwa, kuɗin adashenku ne. Ku tambaya kafin ku biya. Rigakafi ya fi magani.