Wai Su Baraden Sama? A Daina Ruɗin Mu

Yau na ajiye labarin soyayya gefe, don akwai abin da ya tsaya mini a rai. Wani abokina ya kawo mini littafin da yake rubutawa, jaruminsa matuƙin jirgin yaƙi ne a Yaƙin Duniya na Farko, wai har yakan ɗaga wa abokin gaba hannu kafin su gwabza, kamar 'yan dambe a fili. Na ce masa, malam, wannan kwalliyar jaridun Turai ce, kai kuma ka haɗiye ba ka tauna ba.

A 1914 jirgin sama galibi ɗan leƙen asiri ne, katako da zane. Matuƙa kan harbi juna da ƙaramar bindiga ko doguwa, galibi a banza. A 1915 Roland Garros na Faransa ya manna ƙarfe a jikin farfela don harsashinsa kada ya tsinke ta, sai kamfanin Fokker ya ɗora wa jiragen Jamus na'urar da ke hana bindiga tashi idan fiffiken farfela na gaban bakinta. Daga nan jirgin kansa ya zama bindiga: inda ka nufa da hanci, nan harsashi zai je.

To ina jarumtar? Oswald Boelcke, wanda ya koyar da Richthofen, dokokinsa a fili suke: ka sa rana a bayanka, ka zo wa mutum ta baya, kada ka harba sai ka matso kusa. Wannan ai kwanton ɓauna ne. Richthofen ya kaɓo jirage 80, da yawansu masu kujera biyu ne masu nauyin tafiya, 'yan ɗaukar hoto da nuna wa igwa inda za ta harba. Shi ma an kashe shi a Afrilun 1918, yana da shekara 25.

Abin da ya fi ƙona mini rai, matuƙan Ingila ba a ba su lemar sauka ba har yaƙin ya ƙare, alhali masu hawa balan-balan na leƙe suna da ita. Jirgi ya kama da wuta, yaro ɗan shekara goma sha tara sai ya zaɓa: ya ƙone a kujerarsa, ko ya diro.

Na ce wa abokina ya sa wannan a babi na farko. Ya ce ai masu karatu ba za su so ba. Ni kuwa ban yarda ba, don haka nake tambayar ku.