Saran maciji a Tambuwal da Kebbe: Abin da hanta ke yi kafin jini ya tsaya

A ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe da ke kudancin Jihar Sakkwato, lokacin damina da na girbin gero da dawa ne manoma da makiyaya suka fi cin karo da macizai. Ɗaya daga cikin mafi hatsari shi ne kububuwa, wadda Hausawa ke wa laƙabi da gobe-da-nisa.

Dafinta na kashe mutum ne ta hanyar hana jini daskarewa. A hanta ake samar da akasarin sinadaran furotin da ke tsayar da jini, ciki har da fibrinojin da furotirombin. Dafin kububuwa yakan tayar da furotirombin ba bisa ƙa'ida ba, har fibrinojin ɗin da ke cikin jini ya ƙare. Daga nan sai jini ya fara fita ta dasashi, ko cikin fitsari, ko ya zuba a ƙwaƙwalwa, wani lokaci bayan kwanaki.

Shi ya sa tsaga wurin saran ko yin ƙaho ke ƙara dagula lamarin: an buɗe wa jinin da ba zai tsaya ba wata ƙofa.

Gwajin kuwa ba ya buƙatar na'ura. Ma'aikacin lafiya zai zuba jini kaɗan a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, ya jira minti 20. Idan bai daskare ba, ana buƙatar allurar kashe dafi. Bayan allurar, hanta na ɗaukar kimanin sa'o'i shida kafin ta mayar da abin da zai tsayar da jini, sannan a sake gwajin.

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin cututtukan da aka yi sakaci da su, a 2019 kuma ta ƙudiri rage mace-macensa da rabi nan da 2030.

Cika wannan buri ya dogara da inda aka ajiye allurar. Idan sai an kai mutum daga ƙauyen Kebbe zuwa birnin Sakkwato, ko an jira ta daga asibitin Kaltungo a Gombe, lokaci ya ƙure. Wurinta shi ne asibitocin ƙananan hukumomi, kafin girbi, kuma a farashin da manomi zai iya biya.