Wa ke yi wa manhajarka faci?

Makon jiya na leƙa ofishin wani abokina da ke fitar wa 'yan kasuwa kaya a duwan, a nan Malanville. Muna cikin hira sai ya juyo mini da fuskar kwamfutarsa, yana alfahari da manhajar da wani yaro ya haɗa masa shekarun baya. Komai na cikinta: sunayen masu kaya, lambobin wayarsu, lambobin motoci, hotunan katin shaida, wanda ya biya da wanda ake bi bashi. Har an buɗe mata hanya ta intanet don ɗansa da ke Parakou ya riƙa duba lissafi daga can. Na tambaye shi yaushe rabon da a sabunta ta. Ya yi dariya ya ce, "Malam, abin da ke aiki lafiya lau, mi za a taɓa mashi?" Yaron da ya haɗa ta ya koma Kwatano, lambarsa ma ba ta shiga. Da muka sa wani matashi mai gyaran kwamfuta ya duba, sai ya ce an gina ta ne da PHP 7.4. Masu kula da PHP kuwa sun daina yi wa wannan sigar gyaran tsaro tun ranar 28 ga Nuwamba 2022.

Abokin nan nawa ba sakarai ba ne, kuma ba shi kaɗai ba ne. Irin wannan manhaja tana nan a shagunan sari, a kantunan magani, a makarantu masu zaman kansu da ƙungiyoyin manoman shinkafa. Shi ya sa na ga ya kamata mu tsaya kan wannan magana, ko da a ido tana kama da zancen 'yan boko.

Bari mu fara daga tushe. Kowace manhaja da wani yare ake rubuta ta, yaren da kwamfuta ke fahimta. Akwai PHP, akwai Python, akwai Java da sauransu. PHP ɗin nan wani mutum mai suna Rasmus Lerdorf ne ya fito da shi a 1995, kuma yau da shi WordPress ke aiki, da shi Wikipedia ke aiki, har da ta Hausa. Kyauta ne, shi ya sa matasanmu da suka koyi haɗa shafuka suka fi kama shi. To amma yaren shi kansa 'yan Adam ne suka rubuta, kuma ɗan Adam ajizi ne. Ana gano kurakurai a cikinsa kullum. Wasu kurakuran tangarɗa kawai suke jawowa, lissafi ya karkace ko manhaja ta tsaya cak. Wasu kuwa ɓaraka ce, wadda baƙo zai iya bi ta ciki ya shiga kwamfutarka daga wata ƙasa.

Saboda haka kusan kowane wata masu kula da PHP sukan fitar da ƙaramin sabuntawa. Za ka gane shi a lambar ƙarshe: daga 8.3.7 a koma 8.3.8. Babu sabon launi, babu sabon maɓalli, babu abin da ido zai gani. Faci ne, irin wanda mai faci ke yi wa tayar babur. Kuma kowace siga tana da wa'adi. A tsarin da ake bi yanzu, shekara biyu ana gyara mata kowane irin kuskure, shekara biyu kuma ana toshe mata ɓarakar tsaro kaɗai, daga nan a sallame ta. An sallami 7.4 a 2022, an sallami 8.0 a Nuwamba 2023, wa'adin 8.1 kuma shi ne 31 ga Disamba 2025. Sigar da aka sallama tana ci gaba da aiki kamar da. Sai dai duk ɓarakar da aka gano bayan nan, a buɗe za ta zauna.

Ga misalin da ya faru. Ranar 6 ga Yuni 2024 aka fitar da PHP 8.3.8 da 8.2.20 da 8.1.29 a tare. A cikin jerin gyare-gyaren akwai wata ɓaraka da aka yi wa lamba CVE-2024-4577, wadda wani mai bincike da ake kira Orange Tsai na kamfanin DEVCORE a Taiwan ya gano. Abin mamakin shi ne ƙanƙantarta. Tun a 2012 an toshe wata hanya da masu kutse ke bi su aika wa PHP umarni ta cikin adireshin shafi, aka sa masa mai gadi da ke tare alamar karan ɗori. Ashe a Windows akwai wata alama ta daban da ke wuce mai gadin salin-alin, in ta shiga ciki sai Windows ta mayar da ita karan ɗorin da aka hana. Da wannan kaɗai mutum zai iya sa kwamfutar wani ta yi abin da ya ga dama. Shekara 12 ƙofar tana nan ba a lura ba.

Cikin 'yan kwanaki da fitowar facin, masu satar da ke amfani da muguwar manhajar TellYouThePass suka fara bin kwamfutocin da ba a sabunta ba, suna kulle bayanan mutane suna neman kuɗin fansa. Waɗanda ke kan tsoffin sigogi kamar 7.4 kuwa ba a fitar musu da faci ba, domin wa'adinsu ya wuce.

Don kada in ƙara gishiri: wannan ɓarakar ta fi illa a kwamfutocin Windows da aka saita da harshen Sin ko na Japan, kuma ban ce ita ce za ta ci ofishin abokina ba. Darasin da ke ciki shi nake so mu ɗauka. Ranar da aka sanar da faci, an sanar da mai gida, an kuma sanar da ɓarawo. Yaren a buɗe yake, kowa na iya ganin layin da aka gyara, kuma wanda ya ga gyaran ya gane inda ramin yake. Daga wannan ranar tsere ne tsakanin mai sabuntawa da mai kutse. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan har shela ake yi cewa ga inda bangon ya tsage.

Manya ma sun faɗa wannan rami. A Maris 2017 aka fitar da facin wata ɓaraka a Apache Struts, wani kayan aiki na masu rubutu da Java. Kamfanin Equifax na Amurka, mai ajiye bayanan bashin jama'a, bai sa facin a inda ya kamata ba. Zuwa watan Mayu ɓarayi sun shiga, suka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 147. Maganin yana hannu wata biyu kafin cutar ta zo.

Na san abin da wani zai ce: "Mu su wa? Wa zai baro Amurka ya zo neman kwamfutar Malanville?" Ai ba mutum ne ke zaune yana zaɓe ba. Na'urori ne ke kewaya intanet dare da rana suna ƙwanƙwasa kowace ƙofa, ba ruwansu da ko ta banki ce ko ta mai sarin albasa. Wadda ta buɗe, an shiga. Kuma mu a nan dogaronmu ga waya da kwamfuta ya ƙaru. Da aka rufe gadar da ta haɗa mu da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, kaya suka koma bin kwale-kwale a kogin Kwara, ciniki da yawa ya koma ta WhatsApp, kuɗi kuma ta waya. Mutum bai ga abokin cinikinsa ido da ido ba, sai lamba da saƙo. A irin wannan hali, wanda ya saci jerin sunayen abokan cinikinka da abin da kowa ke binka, ya samu jarin damfara. Zai kira Alhaji ya ambaci lambar motarsa da ranar da kayansa suka iso, ya ce a tura cikon kuɗi ga wata sabuwar lamba. Wa zai yi shakka?

A nan ne maganar ta wuce asarar mai ofis. Hoton katin shaidar da ke cikin kwamfutar nan ba nasa ba ne, amana ce aka ba shi. Dokar ƙasa ma haka ta ɗauke shi. Kundin dokokin harkokin dijital na Benin, doka mai lamba 2017-20 ta ranar 20 ga Afrilu 2018, ya ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, kuma akwai hukumar APDP da aka kafa don sa ido a kan haka. "Yaron da ya haɗa mini ya tafi" ba hujja ba ce a gaban wanda aka damfara da bayanan da suka fita daga hannunka.

Masu gudun sabuntawa suna da nasu dalilai, kuma ba zan raina su ba. Gaskiya ne wani lokaci in an sabunta, manhaja takan ƙi tashi, aiki ya tsaya ranar kasuwa. Gaskiya ne data tana da tsada, wuta tana ɗaukewa, ƙwararru kuma ba su da yawa a arewacin ƙasar nan. To amma a bambanta abu biyu. Ƙaramin faci, irin na lambar ƙarshe, an tsara shi ne don kada ya canza yadda manhaja ke aiki, kuma da wuya ya ɓata wani abu. Babban tsalle, kamar daga 7.4 zuwa 8, shi ne ke buƙatar a zauna a gwada, a gyara wasu layuka. Wanda ke bin ƙananan facin a kan lokaci, tsallen yakan zo masa da sauƙi. Wanda ya bari shekaru suka taru, shi ke shan wahala da tsada. Masu Python sun ga haka: an daɗe ana shelar cewa Python 2 zai ƙare ranar 1 ga Janairu 2020, amma da yawa sai da ranar ta zo suka fara neman mafita.

Asalin matsalar a wurinmu ita ce yadda muke cinikin manhaja. Muna sayenta kamar tabarma: a biya sau ɗaya, a shimfiɗa, shi ke nan. Alhali ta fi kama da kwale-kwale. Duk mai fito ya san ba a gama biyan kuɗin jirgi ranar da aka sassaƙa shi, domin kullum akwai toshiya da ɗinki. Mai kuɗi yana ganin in yaro ya dawo yana maganar sabuntawa, neman na cefane yake yi. Yaron shi ma ya san ba za a biya shi ba, sai ya miƙa aiki ya yi gaba. A ƙarshe babu wanda nauyin ke kansa.

Ga abin da muke kira a yi. Kai mai shago ko mai ofis ko shugaban ƙungiya, ka kira wanda ya haɗa maka manhaja a wannan makon ka yi masa tambaya uku. Da wane yare da wace siga aka gina ta? Yaushe wa'adin sigar zai ƙare? Wa ke sa faci in ya fito, kuma nawa ne ladansa a wata ko a shekara? A rubuta amsar a takarda, kowa ya sa hannu. Ka kuma karɓi kwafin rubutun manhajar da kalmomin sirrinta ka ajiye, don in wannan ya tafi wani ya iya ɗorawa. A riƙa kwafe bayanai a wani faifai da ba ya haɗe da kwamfutar, domin shi ne zai hana ka durƙusa wa mai neman fansa. In kuma babu dalilin da zai sa manhajar ta leƙa intanet, a rufe mata hanyar.

Ku kuma matasanmu masu wannan sana'a, ku daina miƙa aiki a kan sigar da ta mutu don kawai ita kuka koya. Wa'adin kowace siga yana rubuce a shafin PHP, kyauta. Ku sa kuɗin kulawa cikin ciniki tun farko, ku bayyana wa Alhaji dalilinsa da Hausa ko Dendi, ba da turancin da zai sa ya ga kamar ana so a cuce shi ba. XAMPP da kuke ɗorawa a kwamfutar ofis, masu shi da kansu sun ce don gwaji da koyo aka yi shi. Kada ku buɗe shi ga duniya ku tafi.

Hukumomi ma da nasu. Hukumar ASIN da sashenta na bjCSIRT suna fitar da gargaɗi kan irin waɗannan ɓaraka, amma da Faransanci, a shafukan da mai shago a kasuwar Malanville ba ya buɗewa. Muna roƙon a riƙa sauƙaƙa muhimman cikinsu, a kai su gidajen rediyon yankinmu da harsunan da ake ciniki da su. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa kuma za su iya haɗa kuɗi su ɗauki ƙwararre ɗaya da zai riƙa zagaya ofisoshin mambobinsu duk wata. Abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya ba zai fi ƙarfin mutum ashirin ba.

Abokina dai ya yarda an rufe hanyar intanet ɗin a ranar, an kwafe bayanansa a faifai, kuma sun yi ciniki da matashin nan kan ɗaga manhajar zuwa siga mai rai. Da zan fita ya ce mini, "Wallahi da na ɗauka in ba ta lalace ba, lafiyarta ƙalau." Haka yawancinmu muka ɗauka. A duba tun yau, jama'a. Allah ya tsare mana dukiya da mutunci.