Faifai biyu a kwali ɗaya, da mai kallo a Faskari

Akwai wata gardama da ta daɗe tana tashi tsakanin masoya finafinan zane na Japan, waɗanda ake kira anime, musamman a Amurka. Kamfanonin da ke sayar da waɗannan finafinai sun ɗauki al'adar haɗa faifai iri biyu a kwali ɗaya, na DVD mai hoto daidai-wa-daida da na Blu-ray mai hoto tangaram, su sa musu farashi ɗaya. Kamfanin Disney ya gwada haka a 2008, sannan Funimation, wanda a lokacin yake kan gaba wajen kai anime Amurka, ya mayar da shi hanyarsa ta fitar da kaya. Sai masu saye suka rabu biyu. Wanda ya riga ya mallaki na'urar Blu-ray yana ƙorafin an ɗora masa kuɗin faifan da ba zai taɓa sakawa ba. Wanda bai kai ga sayenta ba kuwa yana murna, domin zai kalli fim ɗinsa yau da na'urar da yake da ita, kuma ranar da hali ya samu ba sai ya sake sayen fim ɗin ba.

Mai karatu zai iya cewa wannan rigimar masu ƙoshi ce, ina ruwan mutumin Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa da ita. Ni kuwa ina ganin babu inda tambayar da ke ƙarƙashinta ta fi nauyi kamar waɗannan garuruwa, kuma masu shirya finafinan Hausa na da abin ɗauka daga kwalin nan mai faifai biyu, ko da yake kasuwar faifai ta riga ta mutu a hannunsu.

Bari mu fara da bambancin kansa. Hoton da ke kan allo ɗigo-ɗigo ne da aka jera. Faifan VCD, wanda da shi ne finafinan Hausa suka bar kaset suka shiga gidaje, yana ɗauke da ɗigo 352 a kwance da 288 a tsaye. DVD irin na ɓangarenmu yana da 720 da 576. Blu-ray, wanda ya shigo kasuwa a 2006, yana da 1920 da 1080. In aka lissafa, hoton Blu-ray ya ninka na DVD sau 5 cif, ya ninka na VCD wajen sau 20. Nauyin ma haka yake: faifan DVD na yau da kullum yana cin gigabait 4.7, na Blu-ray yana cin 25 ko 50. Wannan ƙarin yana bayyana ne kawai idan allon ya kai ya nuna shi. A kan babbar falasma, bambancin kamar na dare da rana ne. A kan ƙaramar waya mai allon da bai fi tafin hannu ba, kusan duk wannan nauyi asarar wuri ce.

Masoya anime sun gano wani abu na biyu da ya fi wannan daɗin sani. Ba kowane fim ne Blu-ray ke yi wa amfani ba. Tsofaffin da aka zana da hannu aka ɗauka a kan zaren fim, irin su Akira na 1988, idan aka koma ga zaren aka sake kwafowa, sai a ga layuka da launukan da kaset da DVD suka ɓoye shekara da shekaru. Amma da yawa daga waɗanda aka yi a farkon shekarun 2000, lokacin da ɗakunan zane suka koma kwamfuta, an gama su ne a ƙaramin ma'auni tun asali. Faifan Blu-ray ɗinsu miƙa hoton kawai aka yi, kamar a ja ƙaramar riga a ce ta zama babbar riga. Abin da ba a ɗauka ba tun farko, babu na'urar da za ta dawo da shi. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A kudancin Katsina, matashin da ke bin Naruto ko One Piece da wuya ya taɓa riƙe faifan Blu-ray. Haka mahaifiyarsa da ke bin Labarina, haka ƙanensa da ba ya gajiya da finafinan Indiya masu fassarar Hausa. Shagunan haya da na sayar da faifai, waɗanda a da kayansu ke fitowa daga Ƙofar Wambai ta Kano, sun rikiɗe sun zama shagunan tura finafinai: kwamfuta ɗaya, igiyoyi, da jerin wayoyi a caji. Magajin faifai shi ne katin memori. Kuma a bakin wannan shago ake yin ainihin zaɓin da Ba'amurken nan ke yi, sai dai da wasu kalmomi. Mai shago zai tambaya: mai nauyi za a sa maka ko mara nauyi? Mara nauyi yana shiga ƙaramar waya, yana barin wuri ga wasu finafinan, ba ya cinye batir. Mai nauyi kuma shi ne wanda za a iya sawa a talabijin a tara iyali ba tare da fuskokin 'yan wasa sun narke ba.

Mai kallon anime ya fi kowa jin zafin wannan zaɓi, saboda yana dogara da fassarar da ake rubutawa a ƙasan allo. Zanen kansa yana jure matsi, tunda launukansa shimfiɗaɗɗu ne, amma rubutun ƙasan shi ne ke fara dagulewa idan aka rage nauyi, kuma da ya dagule labari ya tafi. Ina ganin wannan na cikin dalilan da suka sa fassarar Hausa ta finafinan Indiya, irin wadda Algaita ta yi suna a kai, ta mamaye ƙauyuka: kunne ne ke ɗaukar labarin, don haka ko hoton ya dusashe ba a rasa komai mai yawa ba.

To me ya sa ba a bar duk wannan an koma intanet ba, kamar yadda ake ta ce mana duniya ta koma? Masu shirya fim sun koma. Izzar So ya yi tashe ne a YouTube ta tashar Bakori TV, wadda ke ɗauke da sunan garin da ke maƙwabtaka da waɗannan ƙananan hukumomi, kuma manhajoji irin su Northflix sun shigo don sayar da kallo kai tsaye. Sai dai mutanen wannan yanki sun ga abin da mutanen birni ba su gani ba. A watan Satumba na 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka kuma hana sana'ar cajin waya a yankunan da abin ya shafa. An shafe watanni a haka. Asarar kallo ita ce mafi ƙanƙanta cikin abin da jama'a suka rasa a lokacin, kuma ba zan haɗa ta da rashin iya kiran ɗan'uwa ko neman agaji ba. Amma ta nuna wani abu a fili. Duk abin da mutum ya ɗauka yana da shi a YouTube, a rana ɗaya ya zama babu. Hatta bidiyon da aka ajiye a cikin manhajar don kallo daga baya yakan kulle idan aka daɗe ba a leƙa intanet ba. Abin da ya rage shi ne abin da ke cikin memori: karatun malamai, waƙoƙi, finafinai, darussan makaranta, waɗanda ake turawa daga waya zuwa waya ta Xender ko Bluetooth ba tare da neman izinin kowa ba.

Masoya anime na Amurka sun sha irin wannan darasi ta wata hanyar, ba tare da ɗan bindiga ko ɗaya ba. Funimation ya kasance yana saka wata lamba a cikin kwalayen faifansa, wadda ke ba mai saye damar kallon fim ɗin a intanet. Kamfanin Sony, wanda ya mallaki Funimation, ya sayi Crunchyroll a 2021, aka haɗe su, sannan ranar 2 ga Afrilu 2024 aka rufe manhajar Funimation, aka kuma sanar cewa waɗancan kwafin na intanet ba za su bi masu su zuwa sabon gida ba. Faifan da ke kan kanta, har da na DVD ɗin da ake rainawa, shi ya ci gaba da aiki. A nan aka katse sabis, a can aka rufe kamfani, amma a duka biyun wanda ke riƙe da kwafinsa a hannu shi ya tsira da abinsa.

Ko sabis na nan, akwai tsada. A watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Wanda ke kallon sa'a guda ta fim a mafi kyawun hoto yana ƙona data ninkin-ba-ninkin na wanda ya rage shi, kuma duk lokacin da ya so maimaitawa sai ya sake biya. Shi ya sa shagon turi bai mutu ba, kuma ba na jin zai mutu nan kusa.

Ra'ayina shi ne masu shirya finafinan Hausa su daina kallon wannan shago a matsayin maƙiyi kawai, su sayar masa da kwali mai faifai biyu na zamaninmu. Kowane shiri ya fito daga hannun mai shi a siga biyu, mara nauyi da aka matse da kulawa don ƙaramar waya, da mai nauyi don babban allo, a farashi ɗaya, ga shagunan da suka yi rajista suka biya. A yanzu mai shago ne ke sauko da fim daga intanet ya matse shi yadda ya ga dama, wani ya kwafa daga wurinsa ya sake matsewa, har ya isa Yankara ko Sheme murya ta rabu da leɓe. Darakta ya kashe kuɗi a kan haske da kyamara, mai kallo bai ga ko ɗaya ba, kuma ko sisi bai koma ga wanda ya yi aikin ba.

Na san abin da za a ce. Fayil ba faifai ba ne. Da zarar ya shiga waya ɗaya ya shiga dubu, kuma satar fasaha ce ta kashe kasuwar faifai tun farko. Gaskiya ne, kuma ba ni da maganin da zai hana kwafa. Amma kwafar tana gudana yau ma, ba tare da an biya komai ba. Abin da mai shago zai biya dominsa shi ne samun sabon fitowa da wuri, da tsabta, ba tare da ya ƙona datarsa ba, kafin maƙwabcinsa ya samu. A kasuwar turi, kwana ɗaya na gaba da abokin hamayya kuɗi ne. Ƙorafin Ba'amurken nan, cewa an sa shi sayen faifan da ba ya so, ba shi da ƙarfi a nan, domin ƙarin fayil ba ya buƙatar roba ko kwali ko motar dako. Kuma a gida ɗaya a Sabuwa za ka tarar da masu buƙatar sigogin biyu: yaro mai ƙaramar waya, da yayansa da ya haɗa sola ya sayi talabijin.

Akwai kuma fa'idar da ta fi ta ciniki, wadda ita ce ta sa na ce a riƙe zancen zaren fim. Wanda ya saba fitar da siga mai nauyi dole ya adana uwar kwafinsa. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓace. Da aka gano zarensa, cibiyar Arsenal ta Balin ta gyara shi tare da Hukumar Finafinai ta Najeriya, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Ya dawo ne saboda an ɗauke shi a kan abin da ke riƙe hoto mai yawa, kuma abin ya tsira. Finafinan da suka kafa Kannywood, tun daga Turmin Danya na 1990 zuwa zamanin Sangaya da Wasila, a kan bidiyo aka ɗauke su, don haka iyakar kyawunsu ita ce iyakar na'urar lokacin. Da yawa daga finafinan wancan zamani, abin da ke yawo a intanet kwafin kwafi ne, mai rawa da layuka, wani ma da tambarin wanda ya ɗora shi a tsakiyar fuskar jaruma. Wannan ba laifin masu shirya su ba ne. Da abin da suke da shi suka yi aiki.

Na yau ba su da wannan uzuri. Kyamarorin da ake ɗaukar shirye-shirye masu dogon zango da su suna ba da hoton da ya kai na Blu-ray ko ya wuce. Haɗarin shi ne a gama haɗa fim, a ɗora shi a YouTube, a goge ma'ajiyar don samun wurin sati mai zuwa, a bar kwafin da YouTube ya matse ya zama shi kaɗai ne shaida. Tasha kuwa ana iya rufe ta, ana iya sace ta, mai ita na iya rasuwa da lambobin sirrinsa. Ma'ajiyar kwamfuta guda biyu, a ajiye a gidaje biyu, ba su kai kuɗin ɗaukar rana ɗaya ba. Kuma in jami'o'inmu masu sashen koyon aikin jarida, irin su Bayero a Kano, za su karɓi kwafi na uku su ajiye, ɗalibin da zai yi nazarin Izzar So nan da shekara 30 ba sai ya je yana roƙon tsohon memori a shagon turi ba.