Ba Da Masu Sara Kaɗai Ake Kashe Dodo Ba

Duk wanda ya taɓa yin langa a dandalin ƙauye, ko a Dungu ko a wani gari na ƙasar Matamaye, ya san cewa ba mai ƙarfin ture abokin hamayya kaɗai ke kawo nasara ba. Akwai ruwa wanda ake so ya isa gida, akwai kuma waɗanda aikinsu shi ne su tsare shi kada a kayar da shi. In kowa ya ce shi ne ruwa, an ci su ke nan. Wannan tsohuwar magana ita ce a yau ta zama abin muhawara a wasannin intanet na haɗin gwiwa, inda kowane ɗan wasa ke zaɓen rukunin jarumin da zai zama, sannan a haɗa runduna a je a kai wa wani ƙaton dodo hari.

Ga wanda bai san harkar ba, aikin rundunar kashi uku ne. Akwai mai garkuwa, wanda ke tsayawa gaban dodo yana shan duka don kada dodon ya juya kan sauran. Akwai mai magani, wanda ke warkar da waɗanda suka ji rauni. Sai masu sara da harbi. Mutanen Damagaram ba baƙi ba ne ga irin wannan tsari, domin kuwa rundunar Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ta ƙunshi 'yan lifidi da 'yan baka da 'yan bindiga, har da igwa da aka ƙera a cikin birnin. Nauyi ya yi wa ɗan lifidi yawa, ba ya iya sukuwa mai nisa, ɗan baka kuwa ba shi da abin tare mashi, saboda haka kowanne yana buƙatar ɗan uwansa.

Abin tambaya a nan shi ne, ta yaya za a raba baiwa tsakanin rukunonin ta yadda kowa zai sami gurbi? Tarihin wasan World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar a watan Nuwamba na 2004, ya isa misali. Da farko mutum 40 ake tarawa a babban hari, amma a 2007 aka rage su zuwa 25. A lokacin, rukunin da ake kira Shaman, wani irin boka, shi kaɗai ke da baiwar ƙara wa abokansa sauri da kashi 30 cikin 100 na tsawon daƙiƙa 40, kuma mutum biyar na sashensa kawai take shafa. Sakamakon haka, a harin Sunwell na 2008 manyan ƙungiyoyi suka riƙa cika runduna da bokaye, gwanin da ya zaɓi wani rukuni dabam kuwa sai ya zauna a benci yana kallo, ba don ya gaza ba, sai don rigarsa ba ta cikin waɗanda ake yayi.

Da kamfanin ya ga haka, sai ya sauya akala a ƙarshen 2008, ya ce a riƙa ɗaukar mutum don iyawarsa, ba don rukuninsa ba. Aka sa waccan baiwa ta sauri ta game rundunar baki ɗaya, a 2010 kuma aka ba rukunin Mage irinta. An yi maganin zaman benci, to amma sai wani ciwon ya ɓullo, domin 'yan wasa sun fara kukan cewa rukunonin sun zama ɗanjuma da ɗanjummai. Shi ya sa a 2018 aka dawo da wasu baiwowin na musamman, alal misali Monk ya ƙara wa saran makami kashi 5 cikin 100, Demon Hunter kuma ya ƙara wa tsafi kwatankwacin haka. Sai kuma a watan Yuli na 2023 aka shigo da wani salo na rukunin Evoker wanda babban aikinsa shi ne ƙarfafa abokansa. Nan take ya zama ba a tafiya sai da shi a wasanni mafiya wuya, har sai da aka yi ta rage masa ƙarfi.

Ra'ayina shi ne, tsaka-tsakin nan shi ne daidai: kowane rukuni ya zo da abin da za a yi murnar ganinsa, amma kada a sami wanda in babu shi tafiya ta fasa. Wasu za su ce ai in aka daidaita kowa da kowa an huta da rigima. Ban yarda ba. Daɗin wasan taron jama'a shi ne ka san cewa wani ya dogara da kai, kai ma ka dogara da wani. In ka iya kare kanka, ka warkar da kanka, ka kashe dodo kai kaɗai, me ka zo nema a cikin taro?

Sai dai ba a kan kamfani kaɗai laifin yake ba. Mafi yawan wariyar 'yan wasa ne ke yi wa junansu. Ƙwararru da ke tseren zama na farko a duniya suna lissafin kashi ɗaya cikin 100 saboda a matakinsu yana iya raba nasara da faɗuwa. Sai ƙananan ƙungiyoyi su kwafi jerinsu ido rufe, su kori abokinsu da ya san aikinsa, su ɗauki baƙon da ya sa rigar yayi amma bai san inda ake tsayawa ba. Bugu da ƙari, kowa sara yake so, saboda sunan mai sara ne ke fitowa a saman allo. A ƙaramar rundunar mutum biyar, gurbin masu sara uku ne, mai garkuwa ɗaya, mai magani ɗaya, amma duk da haka masu sara ne ke daɗewa a layin jira. A 2011 sai da kamfanin ya fara ba da tukuici ga wanda ya yarda ya cike gurbin da ake ƙaranci. Wasan Final Fantasy XIV na Japan, mai rundunar mutum takwas, shi ma yana ba da irin wannan tukuici.

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan Dungu da wasan da ke buƙatar kwamfuta da kuɗin wata kusan dala 15? Amsa ita ce, tsarin ya riga ya shigo aljihun samari ta wayar hannu. Free Fire ana yin sa mutum huɗu-huɗu, kowane jarumi da baiwarsa, Mobile Legends kuwa biyar-biyar, da mai garkuwa da mai tallafi da maharbi. Yaron da ya tara kuɗin kati da ƙyar, ya kai wayarsa caji, sannan abokansa suka zage shi don bai kashe kowa ba alhali shi ya tsare su, gobe ba zai sake karɓar wannan aiki ba, kuma daga nan rundunar ta fara watsewa.

Don haka ina kira ga samarinmu 'yan fada da su duba yadda iyayensu ke gayya. Masu garma suna gaba, amma ba a taɓa raba tuwo an manta da mai gangar noma ko mai kawo ruwa ba. Ku raba aiki tun kafin a fara, ku riƙa karɓa-karɓa a gurbin da ba a so, ku yaba wa mai magani kamar yadda kuke yaba wa mai sara, kuma ku fifita abokin da kuka saba da shi a kan jerin da wasu suka tsara a wata uwa duniya. Hausawa dai sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.