Wasiƙa Zuwa Ga Masu Tsira Allurar Sin: Idan Mai Ciwon Parkinson Ya Shigo

Zuwa ga malamai masu sana'ar tsira allura irin ta ƙasar Sin, na manyan asibitocin Beijing da Guangzhou, da na ƙananan ɗakunan jinya a Turai da Amurka, da masu zuwa Afirka cikin tawagogin likitocin Sin. Wannan takarda a kan majinyaci guda take: wanda ke shigowa da gajeren taku yana jan ƙafa, hannu ɗaya na karkarwa, fuska a daskare har a zaci ba ya bin zancen, alhali kuwa yana ji sarai. Mai ciwon Parkinson ke nan.

Babu mai ja da darajar wannan sana'a. Tushenta na cikin littafin Huangdi Neijing, wanda ya haura shekara dubu biyu, kuma a 2010 hukumar UNESCO ta sa ta cikin gadon al'adun ɗan Adam. To amma wannan ciwon yana da halinsa, kuma wajibi ne mai allura ya san shi kafin ya buɗe kwalin allurarsa. Wani likitan Landan, James Parkinson, shi ya fara siffanta shi a 1817. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan yanki mai duhun launi, inda wasu ƙwayoyi ke samar da sinadarin dofamin, mai sa motsin jiki ya tafi sumul. Ƙwayoyin nan ne ke mutuwa a hankali, kuma kafin karkarwa ta bayyana an riga an yi asarar kaso mai yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ciwon sun haura miliyan 8.5 a 2019. Har yau ba a samu abin da aka tabbatar yana tsayar da mutuwar ƙwayoyin ba. Muhammad Ali, da duk dukiyarsa da likitocinsa, an gano masa ciwon a 1984, duniya ta ga hannunsa na rawa sa'ad da ya kunna wutar gasar Olamfik a Atlanta a 1996, kuma da ciwon ya koma ga Mahaliccinsa a 2016. Saboda haka duk wanda ya rubuta a allon shagonsa cewa yana warkar da Parkinson, ya zalunci mutanen da ba su da ƙarfin yi masa musu.

To me allura ke iya yi? An gwada, kuma sakamakon ya cancanci a karanta shi da natsuwa. A Jami'ar Colorado, Benzi Kluger da abokan aikinsa sun ɗauki majinyata 94 masu fama da matsananciyar gajiya, suka raba su gida biyu: wasu aka yi musu allurar gaske, wasu ta bogi, sau biyu a mako har mako shida. Da aka buga sakamakon a 2016, gida biyun duk sun samu sauƙi, amma ta gasken ba ta ɗara ta bogin ba. A 2022 kuma wasu likitocin Guangzhou suka fitar da nasu gwajin a mujallar JAMA Network Open, kan majinyata 70 masu fama da fargaba. A ƙarshen mako takwas na jinya bambancin bai taka kara ya karya ba. Sai da aka sake duba su bayan wasu makonni takwas aka tarar waɗanda aka yi wa ta gaske sun fi riƙe sauƙin. Wani gwajin daga wannan birni a 2024 ya nuna ingantuwar barci. Waɗannan gwaje-gwaje ƙanana ne, na gajeren lokaci, kuma abin da suke nunawa na gefen ciwon ne: barci, fargaba, gajiya. Ga wanda ya kwana idonsa biyu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai batun rage karkarwa da sandarewar gaɓɓai, hujjar da ke ƙasa ba ta yi ƙwarin da za a yi wa mutum alkawari a kanta ba.

Akwai wani bincike da ya kamata kowane mai allura ya riƙe. A 2001 masana a Jami'ar British Columbia da ke Vancouver suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu Parkinson bayan an ba su maganin bogi, sai suka ga ƙwaƙwalwar ta saki dofamin na gaske, don kawai majinyacin ya sa rai. Ke nan idan mutum ya sauko daga gadon allura ya ce jikinsa ya saki, ba ƙarya ya yi ba. Amma shi ma mai allurar ba shi da ikon cewa allurarsa ce ta yi, domin natsuwar ɗakin, da sauraron da aka yi masa, da sa ran da ya zo da shi, duk suna cikin lissafin.

Babban roƙon wannan takarda shi ne kada allura ta shiga tsakanin majinyaci da ƙwayar maganinsa. Tun da George Cotzias ya nuna amfanin ƙwayar lebodofa a New York a 1967, ita ce ginshiƙin jinyar wannan ciwo. Yanke ta farat ɗaya na iya jawo zazzaɓi mai tsanani, jiki ya sandare, hankali ya gushe, har a rasa rai. A ƙasashen da ƙwayar ke da tsada ko wuyar samu, kamar yadda take a wurare da yawa na Afirka, iyali na iya ganin ɗan sauƙin da aka samu su ce a huta da saye. Mai allura ne ya kamata ya fara cewa a'a, ya mayar da su wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Haka ma idan yana haɗawa da tsirrai: 'ya'yan ƙarara, alal misali, suna ɗauke da lebodofa a cikinsu, don haka ƙara su a kan ƙwayar asibiti ba da sanin likita ba ninka magani ne a makance.

A ɗakin aiki kuma akwai ƙananan abubuwa masu nauyi. Ƙwayar tana da lokacin da take aiki da lokacin da take saki, don haka a tambayi majinyaci yaushe ya sha, a sa masa lokacin zuwa daidai da sa'ar da jikinsa ke sake. Hannun da ke karkarwa ko jikin da ke murɗawa na iya lanƙwasa allura, sai a rage zurfi, a kuma yi kaffa-kaffa da ƙirji da saman kafaɗa, inda kuskure kaɗan ke huda huhu. Da yawa daga cikinsu awon jininsu kan faɗi idan sun miƙe, saboda haka a zaunar da mutum a bakin gado tukuna, a riƙe shi, kada jiri ya kayar da shi. Wanda aka dasa wa na'urar motsa ƙwaƙwalwa, mai waya ƙarƙashin fatar kai da wuya da batir a ƙirji, kada a haɗa masa allura da lantarki sai likitansa ya amince, kada kuma a tsira kusa da hanyar wayar. Allura kuwa sabuwa, amfani ɗaya a zubar.

Wani alheri da mai allura ke da shi, wanda likitan asibiti ba shi da shi, shi ne lokaci. Likitan na iya ganin majinyaci sau biyu ko uku a shekara, shi kuwa kowane mako yake ganinsa. Shi zai fara jin cewa Baba ya soma ƙwarewa idan yana shan ruwa, ko yana ganin mutane a ɗaki da dare alhali babu kowa, ko ya faɗi a banɗaki bai gaya wa kowa ba. Wasu magungunan Parkinson, irin su pramipexole, kan jefa mutum cikin caca ko kashe kuɗi ba kan gado, kuma kunya kan hana iyali faɗa. Duk wannan a rubuta a takarda, a ba su su kai wa likita. Ya kuma dace ya tura majinyacinsa motsa jiki. Wasan taici, wanda gida ɗaya suka fito da allura, an gwada shi a kan mutum 195 a jihar Oregon, kuma rahoton da ya fito a 2012 ya nuna ya gyara tsayuwarsu ya rage faɗuwa.

Tun ranar farko a zauna da majinyaci da mai kula da shi, sau da yawa mata ce ko 'ya wadda ita ma ta gaji, a tsayar da abu ɗaya ko biyu da ake nema, barci ne ko ciwon kafaɗa, a kuma yanke wa'adi na 'yan makonni kamar yadda aka yi a gwaje-gwajen nan. Idan wa'adin ya cika ba a ga canji ba, mai allura ya faɗa da bakinsa, ya bar musu kuɗinsu su sayi ƙwayar wata mai zuwa.

Wassalam.